Faifan kwamfuta (hard disk) biyu sun lalace a akwatin ajiyar bayanai

Wani mai ɗaukar hoton biki daga Zariya ya rubuto: "Akwatin ajiyata na Synology mai faifai huɗu ne, a tsarin RAID 5. Ɗaya ya mutu na sa sabo, ana cikin sake gini sai na biyu ya fara ƙas-ƙas. Hotunan bikin mutane ne a ciki, ko barci na kasa. Faifan kuwa sabbi na saye su, da araha."

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, sau da yawa ana ceto irin wannan. Amma kashe akwatin yanzu. RAID 5, wato tsarin da ke rarraba bayanai a kan duka faifan, mutuwar faifai ɗaya kaɗai yake jurewa, kuma sake ginin, wato maido da bayanan wanda ya mutu a kan sabon, yakan sa a karanta kowane lungu na sauran faifan, sai mai rauni ya faɗi. Ciro su, ka rubuta wa kowanne lambar ramin da ya fito. Idan kwamfuta ta nemi a goge a sake tsarawa, ƙi. Duk wanda zai taimake ka ya fara kwafe kowane faifai ɗungurungum da manhaja irin ddrescue, ya yi aikinsa a kan kwafin. Faifan nan mai ƙas-ƙas kuwa sai ƙwararru masu ɗaki marar ƙura. Mai gyaran waya ya ce zai buɗe shi a kan teburinsa, kwashe kayanka ka tafi.

Wata ta tambaya ko sa faifai a firiza yana farfaɗo da shi. A'a, Hajiya. Raɓa ce za ta ƙarasa shi.

Bari in koma kan "sabbi da araha", don abin yana ci mini rai. Faifan da suka shekara suna aiki a ƙasashen waje ake gogewa, a liƙa sabuwar takarda, a rufe a leda mai sheƙi. Kafin ka biya, a jona shi a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awannin da ya yi yana aiki. Ko wannan ma akan mayar da shi sifili, don haka duba lambar faifan a shafin garantin Seagate ko Western Digital. Tambayi kuma ko CMR ne ko SMR, wato hanyoyi biyu na rubuta bayanai a faifai; a 2020 an yi ta ƙorafi kan wasu faifan Western Digital samfurin WD Red masu SMR da ke cijewa wajen sake gini.

Ga kuma ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, a akwatin da babu UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke! Idan hotunanka sun dawo, kwafe su zuwa faifai daban, ka ajiye shi a gida, ba a shago ba.