Amsa ga ɗan'uwan da hotunan ɗigon ruwa da ƙwari ke fito masa dishi-dishi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce tun faɗuwar daminar nan kake ƙoƙarin ɗaukar hoton ɗigon ruwa a kan ganye da ƙananan ƙwarin da ke cikin shukokin gidanku, da wayarka da kuma tsohuwar kyamara mai gilashin 18-55mm, amma duk abin da ka ɗauka yana fitowa dishi-dishi, har ka fara tunanin sayar da kyamarar ka nemi wadda ta fi ta tsada. Ina roƙonka ka dakata da maganar sayarwa, domin na daɗe ina wannan aiki a nan Katsina, kuma abin da ya same ka shi ne ya same ni a daminata ta farko, alhali laifin ba na kyamarar ba ne.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, duk lokacin da ka kusanci abu sosai, wurin da zai fito tar a cikin hoton yana ƙanƙancewa ƙwarai. Masu wannan sana'a suna kiran hoto makro na gaskiya idan girman abu a kan faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara ya yi daidai da girmansa na zahiri, wato 1:1. A irin kyamararka faɗin wannan faifai bai wuce milimita 22 zuwa 24 ba, saboda haka ƙudan zuma guda ɗaya zai cinye kusan rabin hoton. To, a wannan kusanci, idan ka sa ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin gilashi, wanda ke ƙara matsewa idan lambarsa ta ƙaru, a f/8, kaurin wurin da zai fito sarai bai kai milimita ɗaya ba, ko ka matse ta zuwa f/16 da kaɗan zai haura milimita ɗaya. Ka kwatanta wannan da numfashinka, da bugun zuciyarka, da 'yar iskar da ke kaɗa ganye, za ka ga dalilin da ya sa idon ƙwaron ya ɓace maka, ƙafarsa ta baya ce ta fito. Ni sai da na ɓata kusan damina guda ina zargin gilashina kafin wani dattijo mai ɗaukar hoton biki ya ce mini in daina murɗa zoben saiti, in tsayar da shi wuri ɗaya, in riƙa matsawa gaba da baya da jikina a hankali har idon ƙwaron ya fito, sannan in danna. Daga ranar aikina ya canza.

Game da kayan aiki, gilashin 18-55mm ba ya kai ka 1:1, iyakarsa kusan kashi ɗaya cikin uku na girman abu, amma akwai hanyoyi masu sauƙin kuɗi na ƙara masa ƙarfi. Akwai zobban da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi don a nisanta su, waɗanda babu gilashi ko ɗaya a cikinsu, kuma ƙa'idarsu ita ce idan tsawon zobban ya kai tsawon gilashin, misali milimita 50 a kan gilashin 50mm, za ka samu kusan 1:1. Akwai kuma zoben da ake juya gilashi da shi baya ya koma gaba, wanda yana ba da girma sosai amma yana raba ka da sarrafa ƙofar haske a yawancin gilasan zamani, kuma yana barin bayan gilashin a buɗe ga ƙura da danshi, don haka ba na ba sabon shiga shawararsa. Abin da na fi amfani da shi shi ne ƙaramin gilashin da ake maƙalawa a gaba, Raynox DCR-250, wanda ke tilasta maka tsayawa kimanin santimita 10 zuwa 12 daga abin da kake ɗauka, kuma ya fi yin aiki a kan gilashi mai dogon zango, wato mai jawo abin da ke nesa, fiye da gajere. A waya kuwa, ka yi hattara da ƙaramar kyamarar makro da wasu kamfanoni ke sawa mai megafiksel 2 kacal, domin babbar kyamarar wayar tare da gilashin maƙalawa mai kyau ta fi ta nesa ba kusa ba. Na taɓa sayen irin wannan gilashin maƙalawa mai arha a kasuwa, ashe roba ce, tsakiyar hoto kawai ke fitowa, gefe duk ya narke. Ka ƙwanƙwasa shi da farce kafin ka biya, kuma ka gwada shi a kan rubutun takardar kuɗi tun kana gaban mai shago.

Sai maganar haske, wadda a ganina ita ce rabin aikin. Idan ka kai 1:1 da zobban nisanta gilashi, hasken da ke isa cikin kyamara yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ga shi kuma ka matse ƙofar haske don ka samu kaurin saiti, sai kyamara ta rama ta hanyar jinkirta ƙiftawa, wato ta daɗe a buɗe tana karɓar haske, nan kuma girgizar hannu ta shigo. Kada ka ce za ka matse ƙofar har f/22 ko f/32 don ka huta, domin idan ramin ya yi ƙanƙanta da yawa haske yana bazuwa a gefensa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Mafita ita ce filasha. Walƙiyarta idan an rage mata ƙarfi zuwa 1/8 ko 1/16 ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, saboda haka ita ce ke daskarar da motsi. Inda nake farawa kullum shi ne ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, a 200, ƙofar haske f/11, ƙiftawa 1/200 na daƙiƙa, sannan in ƙara ko in rage ƙarfin filasha gwargwadon abin da na gani. Amma filasha tsirara mugun abu ce a kan ɗigon ruwa da bayan ƙwaro mai sheƙi, tana barin farin tabo mai ƙona ido. Ni farar takarda mai kauri nake hudawa a tsakiya in zura gilashin a ciki, ta tsaya tsakanin filashar kyamara da abin da nake ɗauka, wani lokaci kuma farin farantin soso na abincin biki. Mutane sun sha yi mini dariya a kan wannan faranti, sai dai hotunan da na fi alfahari da su duk da shi na ɗauke su.

Yanzu ɗigon ruwa. Kowane ɗigo ƙaramin gilashi ne mai zaman kansa, yana tattara hoton abin da ke bayansa ya nuna shi a kife, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Wannan ne ya sa ake ganin hotunan da fure guda ya bayyana cikin ɗigo goma a jere. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne saita kyamara a kan fatar ɗigon, alhali hoton da ke cikinsa yana wani wuri daban, don haka sai ka zaɓi ɗaya, kuma a mafi yawan lokuta hoton cikin ne ya fi dacewa a saita. Ka samu furen kuɓewa ko na rama, ko ma kyalle mai launi, ka ajiye shi bayan ɗigon da tazarar kamar faɗin tafin hannu, ka tabbata haske ya fi sauka a kan furen fiye da ɗigon, ka riƙa matsar da shi har ya cika cikin ɗigon. Idan kana son ya fito a miƙe, sai ka riƙe shi a kife. Ƙananan ɗigo sun fi manya zama kamar ƙwallo, domin manyan nauyinsu yana sa su baje ko su zazzago. Ganye ma ba ɗaya ba ne: a kan ganyen gwaza, da kabeji, da albasa, da zogale, ruwa yana dunƙulewa saboda santsin da ke jikinsu, amma a kan wasu ganyayen shimfiɗewa kawai yake yi, ba za ka samu komai ba. Mafi kyawun wuri a wurina shi ne saƙar gizo-gizo da bakin ganyen ciyawa, inda ɗigon ke rataye babu abin da ya tare bayansa. Idan kuma ɗigon da ke faɗowa daga indararo ko bakin kwano kake so, wannan sai ƙiftawar 1/2000 ko fiye, ko kuma filasha a wuri mai duhu, kuma ka shirya ɗaukar hoto ɗari kafin ka samu biyu.

Wasu suna haɗa ruwa da gilisarin na kemis su ɗiga da sirinji, saboda ya fi daɗewa bai bushe ba. Ba laifi ba ne don koyo a cikin ɗaki lokacin rani, ni ma na yi, amma idan ka nuna hoton ka faɗi yadda aka yi shi, kuma kada ka fesa wa ƙwaro mai rai.

Lokaci ya fi kayan aiki muhimmanci a kan ƙwari. Jikinsu yana bin zafin wuri ne, saboda haka da sassafe, musamman bayan ruwan dare irin wanda hadarin gabas ke kawo mana a watan Agusta, za ka same su a lafe, jikinsu da raɓa, ba su da kuzarin tashi, iska ma ta kwanta. Daga idar da sallar asuba, da zarar gari ya waye, zuwa wajen ƙarfe takwas shi ne lokacina. Da hantsi ya ɗaga, ƙudan da ka kusanta har santimita 10 ba zai bari ka zo kusa da shi da taku biyu ba. Kada inuwarka ta faɗa kan ƙwaro, kada ka zo masa ta sama kamar tsuntsu, ka durƙusa ka zo daidai idonsa. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in kama reshen da yake kai da yatsun hannun hagu, in ɗora bakin gilashin a kan wannan hannun, ta yadda idan na girgiza, ni da reshen da kyamarar muke girgiza tare. Kuma ka yi ƙoƙari jikin ƙwaron ya kwanta a gicciye da kyamara, domin wannan siririn wurin saitin ya ratsa shi daga kai zuwa wutsiya.

Ka fara da masu haƙuri. Ƙoƙi-ƙoƙi yana iya tsayawa wuri ɗaya ya juyo da kai ya dube ka, kuma ƙaramin gizo-gizon nan mai tsalle a jikin bango, wanda a ilimance ba a lissafa shi cikin ƙwari saboda ƙafafunsa takwas ne, yana da manyan idanu biyu a gaba da ke ɗaukar hoto da kyau, har ma yakan juyo ya fuskanci gilashi. Mazari yana da ɗabi'ar komawa kan tsinken da ya tashi, don haka kada ka bi shi, ka saita a kan tsinken ka jira. Kada ka raina tumfafiyar da ke bakin hanya: a ƙarƙashin ganyenta ake samun tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, ita tsutsar mai zanen fari da baƙi da rawaya ce, amma ka kiyaye idonka daga farin ruwanta. A kan wake kuma ka duba inda darɓa ta kama, za ka ga tururuwa na zagaye ƙananan ƙwarin suna shan zaƙin da suke fitarwa suna kuma tsaron su, abin da ido ba ya gani sai an kusanta. Na taɓa shafe fiye da awa ɗaya a kan reshen wake guda a wani lambu wajen Ƙofar Marusa, har mai lambun ya zo ya tsaya a kaina yana tambaya ko wani abu na yar. Da na nuna masa hoton sai ya ce shekara da shekaru yana yaƙi da waɗannan abubuwa bai taɓa ganin fuskarsu ba. Wannan ya tuna mini in ce maka ka nemi izini kafin ka shiga lambun mutane, ka kuma tambaya ko an yi feshi kwanan nan, domin inda aka fesa magani ba za ka samu komai ba, kuma bai kamata ka sa fuskarka cikin ganyen ba. Ka sa rufaffen takalmi saboda kunama da maciji, kada kuma ka taɓa hangara da hannu, ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata.

Za ka ji ana maganar ɗaukar hotuna da yawa a wurin saiti daban-daban a haɗa su a kwamfuta da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker, don ƙwaro ya fito tar daga gaba har baya. Yana aiki, amma sai abin da ba ya motsi, kuma ba yanzu ne lokacinsa a wurinka ba.

Danshin damina yana sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki, kuma na rasa gilashi ɗaya ta haka saboda na bar shi cikin jaka mai laima har mako biyu. Idan ka dawo ka goge kayanka, ka bar su su sha iska, sannan ka ajiye su cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Idan Allah ya kawo ruwa a daren nan, ka fita da safe da farar takardarka, ka zaɓi ganye ɗaya kada ka bar shi sai ka ɗauki hoto talatin, sannan ka turo mana uku daga ciki tare da lambobin da ka sa, in duba in gaya maka ko motsi ne ya ɓata su ko saiti.