Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Rubutun da Aka Kwafa Ba Sai An Sayi Manhaja Ba

Wani mai shagon buga takardu a Garwa ya rubuto cewa masu kawo masa aiki suna turo rubutun Hausa ta WhatsApp ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, su rubuta k'asa da d'aya da b'era, shi kuma ya wuni yana gyara su ɗaya bayan ɗaya. An ba shi shawarar sayen manhajar da ake biya duk wata, tsohuwar kwamfutarsa kuwa Linux Mint ce a kanta.

Malam, ka adana kuɗinka don tawada da takarda, domin maganin yana cikin kwamfutar da kake raina wa tsufa. Duk abin da ka kwafa yana zama a wata ma'ajiya da ake kira clipboard kafin ka liƙa shi, kuma manhajar xclip, wadda kyauta ce, tana iya ɗauko shi daga can ta miƙa wa sed, umarnin da ke musanya haruffa a rubutu, ya gyara, sannan ta mayar da shi. Bayan ka girka ta, ka rubuta wannan a tagar umarni:

xclip -selection clipboard -o | sed "s/k'/ƙ/g; s/d'/ɗ/g; s/b'/ɓ/g" | xclip -selection clipboard

Ka ƙara manyan haruffa Ƙ da Ɗ da Ɓ a kan wannan tsari, ka ajiye layin a fayil, ka ɗaura shi a kan wani maɓalli, yadda aikin zai zama kwafa, dannawa, liƙawa. Ina roƙonka ka kula da abu guda, domin a nan Kamaru takardunmu ba sa rabuwa da Faransanci: umarnin bai san harshe ba, saboda haka idan ya tarar da d'abord zai mayar da shi ɗabord, takardar neman aikin wani ta lalace a hannunka. Ka riƙa kwafar ɓangaren Hausa shi kaɗai. Wasu wayoyin kuma lanƙwasasshiyar alama (’) suke sakawa, wadda sed ke ɗauka a matsayin wani harafi dabam, don haka ita ma sai ka rubuta mata nata layin. Wanda ke da Ubuntu, wani nau'in Linux, mai aiki da tsarin nuna tagogi na Wayland zai yi amfani da wl-paste da wl-copy a madadin xclip.

Wata ɗaliba daga Njamena mai kwamfutar Windows ta tambaya ko ta sayi Mac saboda ta ji ana yabon pbpaste da pbcopy, umarnin da ke yin aikin xclip a kan Mac.

'Yar'uwa, wannan bai kai dalilin sayen sabuwar kwamfuta ba. Windows ɗinki tana da tagar umarni mai suna PowerShell, inda Get-Clipboard ke ɗauko rubutu, Set-Clipboard kuma ke mayar da shi. Wajen musanya haruffa ki zaɓi -creplace, domin -replace ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, zai mayar miki da K'asa ta koma ƙasa a farkon jimla.