Tambaya da Amsa: Shin hotunan James Webb kwaskwarima ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce hotunan da na'urar hangen nesa ta James Webb ke aikowa sai an gyara su a kwamfuta, har a haɗa hotuna da yawa a mai da su ɗaya. To me ya rage na gaskiya a ciki? Daga wani ɗalibin kimiyya, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ƙwarai ana gyara, kuma ni a wurina ɗanyen hoton ne ya fi nisa da gaskiya.

Na'urar nan, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, tana can kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya, tana kama hasken infirared wanda ido ba ya gani. Kyamararta NIRCam na da faranti 10 masu kama haske, kowanne da ɗigon hoto (pixel) sama da miliyan 4, kuma kowane ɗigo da halinsa. Wani ya fi ɗan'uwansa jin haske, wani matacce ne, wani kuwa ko a rufe yana ɗigar lantarki, duk da sanyin da ya kai kusan digiri 233 ƙasa da sifili.

Ka tuna mai awon hatsi a sikeli. Sai ya cire nauyin buhu tukuna. Haka nan ake toshe hanyar haske a auna abin da kyamara ke bayarwa a duhu, a ɗebe shi. Sannan a raba lissafin kowane ɗigo da gwargwadon jin haskensa, a gwada sakamakon da taurarin da aka san ƙarfin haskensu.

Akwai wata dabara da take burge ni. Ba sau ɗaya ake karanta ɗigo ba. Yayin da haske ke taruwa ana leƙa shi a kai a kai ba tare da an zubar ba, a ga saurin hauhawarsa. Idan wata ƙwayar zarra mai gudu daga sararin samaniya ta doki farantin, lissafin zai yi tsalle farat ɗaya. Kwamfuta ta gane tsallen, ta jefar da shi, ta riƙe sauran.

Sai maganar haɗa hotuna. Haske mai rauni kan sa hoto ya yi yashi-yashi, kuma yashin ba ya faɗawa wuri ɗaya sau biyu. Ka ɗauki matsakaicin hotuna 4, ya ragu da rabi. Kana son ya koma kashi ɗaya cikin 10, sai hotuna 100. Shi ya sa hoton gungun galaksi (wato manyan tarin taurari) na SMACS 0723, wanda aka nuna ranar 11 ga Yuli, 2022, ya ci awa 12 da rabi.

Amma riƙe wannan da kyau, don nan ɗalibai ke tuntuɓe: matsakaici ba ya maganin aibin da ke maimaita kansa. Sikelin da ke ƙara rabin kilo, ko sau ɗari ka auna, rabin kilon na nan. Dole a daidaita kyamara kafin a haɗa. Dalilin ke nan kuma ake ɗan gusar da na'urar tsakanin ɗauka da ɗauka, don tauraron da ya faɗa kan mataccen ɗigo ya samu lafiyayye a karo na gaba.

Launi kam mutane ne ke zaɓa, amma bisa ƙa'ida: haske mai dogon zango a ba shi ja, mai gajere shuɗi. Kuma ɗanyun hotunan na SMACS 0723 suna nan a rumbun MAST na cibiyar da ke kula da na'urar a Baltimo ta Amurka, manhajar gyaran ma kyauta ce. Idan kana da kwamfuta da intanet, sauke su ka bi lissafin da kanka.