Amsar Kawu kan alamomi bakwai na abu mai rai

Ɗana, saƙonka ya iso ni lafiya. Ka ce malaman ilimin halittu sun ɗauki al'adar sa ɗalibai haddace alamomi bakwai na abu mai rai: ci, numfashi, motsi, girma, jin abin da ke kewaye, fitar da ƙazanta da hayayyafa. Sai ka kawo wuta, ka ce ai ita ma tana ci, tana girma, tana bazuwa, ba ta yi sai da iska, har toka take bari. Ka kuma kawo alfadari da ba ya haihuwa, kana tambayar amfanin lissafin. Madalla da wannan gardama.

Abin da ya sa ake jero su da yawa shi ne babu guda ɗaya da za ta tsaya da ƙafarta. Har yau masana ba su haɗu a kan jimla ɗaya da ke fayyace rai ba, shi ya sa suke tara shaidu. Bakwai ɗin ma ba dole ba ne. Wasu littattafan suna ƙara daidaita yanayin cikin jiki, yadda zafin jikinka ke tsayawa wajen digiri 37 ko ana sanyi ko ana zafi. Wuta ba ta san wannan ba, in ta sami itace sai ta yi ta ci har ta kashe kanta.

Alfadari kuwa matsalarsa ta lissafi ce. Doki yana da kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da kayan gado a jiki, guda 64, jaki 62, shi ya tashi da 63, ba su haɗuwa bibbiyu yadda ake buƙata kafin a samar da ƙwayar haihuwa. Amma ji masa rauni ka gani, zai warke, domin ƙwayoyin halittar jikinsa, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, suna rabuwa suna yin sababbi. Kuma iyaye masu rai ne suka haife shi.

Wannan maganar ta iyaye ita ce na fi so ka riƙe, don an daɗe kafin a yarda da ita. Tun zamanin Aristotle, masanin Girka na dā, mutane ke ɗauka cewa tsutsa daga ruɓaɓɓen nama take fitowa haka kawai. A 1668 wani likitan Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama a kwalabe, ya rufe wasu, ya bar wasu a buɗe. Tsutsa ba ta fito ba sai a inda ƙudaje suka sami shiga suka yi ƙwai. Masu musu ba su haƙura ba, suka ce to ƙananan halittun da ido ba ya gani fa? Sai wajen 1860 Louis Pasteur na Faransa ya tafasa romo a kwalba mai dogon wuya lanƙwasasshe. Iska tana shiga, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar, romon ya zauna bai lalace ba. Da aka karya wuyan, kwana kaɗan ya gurɓace. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ni a ganina duk wanda ya fahimci wannan kwalbar ya fi wanda ya haddace jerin nan sau goma.

Ɗaya ginshiƙin shi ne ƙwayar halitta. Robert Hooke ya hango ɗakunanta a ɓawon itace ta madubin ƙara girma a 1665, kuma zuwa 1839 masanan Jamus Schleiden da Schwann sun nuna cewa tsiro da dabba duk da ita aka gina su. Wutar da ka kawo ba ta da ƙwaya ko ɗaya, ba ta kuma da DNA, sinadarin da ke ɗauke da siffofin halitta, da za ta bar wa na baya gado.

Kada kuma rashin ganin alama ya ruɗe ka. Ƙwallon dabinon da aka tono a kufan Masada, wani tsohon sansani a Isra'ila, ya kai shekara 2,000 a kwance, ba motsi ba girma, amma da aka shuka shi a 2005 sai ga shi ya tsiro.

Inda jerin ke rawa da gaske shi ne wajen bairos, ɗan mitsitsin abin nan da ke jawo cututtuka irin su mura. Yana da kayan gado, yana sauyawa daga tsatso zuwa tsatso, amma ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya kuma ninka kansa sai ya kutsa cikin ƙwayar wani. A 1935 Wendell Stanley a Amurka ya daskarar da bairos ɗin da ke kama ganyen taba ya zama ƙyalƙyali, aka jiƙa shi, bai fasa harbin ganye ba. Ni ina tare da masu cewa ba shi da rai na ƙashin kansa, sai dai akwai masana na ƙwarai da ba su yarda da mu ba.

A jarrabawa ka rubuta bakwai ɗin yadda aka koya maka. Maganar bairos kuwa ka kai wa malaminku bayan darasi, in ji me zai ce. Ka gai da mahaifiyarka.

Kawunka.