Amsoshin Tambayoyinku: Wane Laburaren Sirranta Bayanai Ya Kamata In Zaɓa?

Tambaya: Ina rubuta manhajar da za ta adana bayanan abokan ciniki, kuma na tarar da laburare iri-iri na sirranta bayanai, wato shiryayyun lambobin manhaja da ake ɗauka a sa cikin aiki. Shin wanda ya fi tara dabaru shi ne ya fi inganci?

Amsa: Malam, tsawon jerin dabaru ba ma'auni ba ne, domin da yawa daga cikinsu an ajiye su ne kawai saboda tsofaffin manhajoji. Abin da ake buƙata ga laburare na gama-gari bai taka kara ya karya ba: dabarar kulle bayanai da mabuɗi ɗaya kamar AES ko ChaCha20, da dabarar mabuɗai biyu kamar RSA ko Ed25519 don sa hannu, da SHA-256 ko SHA-3 don tabbatar da cewa ba a taɓa bayani ba, sai kuma Argon2 ko makamancinsa don adana kalmomin sirri. Idan ka ga MD5 ko SHA-1, tsofaffin dabarun fitar da tambarin da ke bambanta fayil da wani, a jerin, kada su burge ka, tunda masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun nuna a 2017 cewa ana iya samar da fayiloli biyu daban masu tambarin SHA-1 iri ɗaya.

Inda nake so ka fi zura ido shi ne abubuwan da ba a tallata su. Na farko, ina laburaren yake samo lambobin da ba a iya hasashensu, waɗanda da su ake ƙera mabuɗai? A 2008 aka gano cewa wani ɗan gyara da aka yi wa laburaren OpenSSL a tsarin Debian na Linux ya rage yawan mabuɗan da ake iya samarwa zuwa kimanin 32,000 na kowane nau'i, ta yadda mai kutse zai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya, alhali dabarun lissafin kansu lafiyarsu ƙalau. Na biyu, shin yana hana ka yin kuskure? Misali, AES-GCM, wani salon amfani da AES, yana buƙatar sabuwar lamba ga kowane saƙo, kuma maimaita lamba ɗaya da mabuɗi ɗaya yana tona asirin saƙonnin, ya kuma ba maƙiyi damar ƙirƙirar na jabu. Saboda haka ne nake ba wanda bai ƙware a fannin ba shawarar laburaren libsodium, wanda ya taƙaita zaɓi ya kuma yanke wa mai amfani shawarwari masu haɗari. OpenSSL ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, kuma shi ko irinsa za ka nema idan aikinka ya haɗa da TLS, wato tsarin da ke tsare sadarwa a intanet, da takardun shaida, amma hanyoyin yin kuskure a cikinsa ma sun fi yawa.

Ka kuma duba tarihin yadda masu kula da kowane laburare suke toshe ɓaraka. Lokacin da aka bayyana Heartbleed, wata babbar ɓaraka a OpenSSL, a watan Afrilu na 2014, facin ya fito rana ɗaya da sanarwar, amma waɗanda ba su da hanyar sabunta na'urorinsu sun daɗe a buɗe. Laburaren da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba, ka guje shi komai kyan tallarsa.

Tambaya: Shin sai na biya kuɗi kafin in sami mai aminci?

Amsa: A'a, yawancin sanannun kyauta ne, sai dai ka karanta lasisin da kyau. Tun daga siga ta 3.0 a 2021, OpenSSL yana ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, wanda ya yarda a sa shi cikin manhajar sayarwa. Shi kuwa laburaren wolfSSL yana da lasisi biyu, wato GPL ga wanda zai buɗe lambobin manhajarsa, da na kuɗi ga wanda ba zai buɗe ba. Biyan kuɗi yana da ma'ana idan kana son tallafi na yarjejeniya, ko kuma idan abokin cinikinka ya sharɗanta takardar shaidar ingancin tsaro ta FIPS 140-3, wadda gwamnatin Amurka ke nema, kuma wadda ake bayarwa ga takamaiman siga ta laburaren kaɗai.