Hukuncin kula da ƙungiyar masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta ba tare da albashi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a fannin kwamfuta, kuma ina cikin wata ƙungiya ta matasa masu koyon ƙirƙirar wasannin kwamfuta da na waya ta hanyar amfani da manhajoji irin su Unity da Godot. Akwai Musulmi a cikinmu, akwai waɗanda ba Musulmi ba. 'Yan ƙungiyar sun zaɓe ni in riƙa kula da tsari ba tare da ana biyana ko kwabo ba. Ni nake duba ayyukan da ake gabatarwa, ni nake raba gardama, kuma ina da ikon cire aiki ko dakatar da mutum. Wani abokina ya ce ɓata lokaci nake yi, kuma zunubin duk abin da aka gabatar yana wuyana. Kwanan nan wani ya kawo wasa mai akwatin sa'a da ake saye da kuɗi, wani kuma ya aiko mini da kyautar kuɗin data ana saura mako guda a yi gasar da nake cikin alƙalanta. In ci gaba ko in ajiye?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, aikin da aka ɗora maka halal ne a asalinsa, kuma kana iya samun lada a kansa idan niyyarka ta gyaru. Sai dai rashin albashi bai rage komai daga nauyin amanar ba, kuma a kan wannan nake so ka tsayar da hankalinka.

Mu fara da sana'ar kanta, domin hukuncin mai kula da kasuwa yana bin hukuncin hajar da ake sayarwa a cikinta. Shari'a ba ta haramta wasa don kasancewarsa wasa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Annabi (SAW), Nana A'isha tana kallo ta bayansa, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa ya yi tsere da ita. Amma an hana wasu wasanni da sunansu. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasan nardi kamar ya tsoma hannunsa ne cikin naman alade da jininsa, kuma nardi wasa ne da ya dogara ga 'yar ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa, irin ta ludo. Imam Malik ya ce a cikin Muwaɗɗa babu alheri a wasan shaɗaranji (wato chess), Ibn Abi Zaid ya bi shi a Risala ya ce bai halatta ba, Imam Shafi'i kuwa ya tsaya a kan karhanci. Abin da na fahimta daga waɗannan nassoshi shi ne ana auna kowane wasa da abin da ke cikinsa da kuma abin da yake kai mutum gare shi. Wasan da yake koya wa yaro lissafi ko haruffa, ko ya ba mutum hutu ba tare da ya cinye masa salla ba, ba a haɗa shi da wanda aka gina a kan caca ko tsiraici ko izgili ga addini. Ban da haka, abin da ku kuke yi rubuta manhaja ne da zane da lissafin motsi, kuma wannan ilimi ne da matashi zai iya cin abinci da shi. Batun surori kuwa, wato hotuna da siffofin da ake zanawa a wasannin, malaman Malikiyya irin su Dardir sun taƙaita haramci ga surar mai rai cikakkiya wadda take da jiki da inuwa, zanen da ke shimfiɗe kuma bai wuce karhanci ko saɓa wa abin da ya fi ba, matuƙar abin da aka zana ba alfasha ba ne.

Maganar abokinka cewa zunubin kowa yana wuyanka ba daidai ba ce a sake haka. Allah yana cewa a Suratul An'am aya ta 164 wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Abin da za a tambaye ka a kai shi ne abin da aka sa a ƙarƙashin hannunka, kamar yadda hadisin Ibn Umar ya nuna cewa kowannenku makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan kiwonsa. Wasan da wani ya ƙirƙira a ɗakinsa ya kai kasuwa ba da saninka ba, babu ruwanka da shi. Wanda aka kawo gabanka, kana da ikon tsayar da shi amma ka sa masa hannu ya wuce alhali ka san ɓarnar da ke ciki, wannan ya shiga hanin da ke Suratul Ma'ida aya ta 2 na taimakekeniya a kan zunubi. Idan kuma kuskure ya kuɓuce maka bayan ka yi iya ƙoƙarinka, to amintacce ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma Suratut Tauba aya ta 91 ta ce babu hanyar zargi a kan masu kyautatawa.

Akwatin sa'ar da ka ambata yana buƙatar bayani, domin da yawa daga matasanmu ba sa ganin caca a cikinsa saboda babu karta a hannu. Mutum yana biyan kuɗi sananne, a buɗe masa akwatin da bai san abin da ke ciki ba, wataƙila ya sami abin da ya ninka kuɗinsa daraja, mafi yawan lokaci kuma ya sami abin da bai kai ba, kuma wanda ya ƙirƙiri wasan ne ya tsara yawan faɗuwar da gangan domin a sake saye. Wannan ya tara gharari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, wanda Muslim ya ruwaito haninsa daga Abu Huraira, da ma'anar cacar da Suratul Ma'ida aya ta 90 ta kira ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Abin da ya fi damuna shi ne yara ne suka fi faɗawa ciki, da kuɗin iyayensu. Har hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a shekarar 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi suna shiga ƙarƙashin dokar caca, don haka kana da hujjar da abokan aikinka waɗanda ba Musulmi ba za su fahimta. Akwatin da ake samu kyauta ta hanyar cin wasa, ba a biya komai ba, bai shiga wannan hukunci ba. Ka nemi mai aikin ya sauya tsarin ya zama ciniki bayyananne, a san abin da ake saye da farashinsa, idan ya ƙi kada ka sa hannu.

Tunda ƙungiyar gauraye ce, ba a ɗora maka tilasta wa wanda ba Musulmi ba hukunce-hukuncen da suka keɓanci Musulmi. Ma'auninka a tsakaninsu shi ne dokokin da kuka amince da su, bisa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ka yi ƙoƙari a rubuta hana caca da batsa da zagi da cin mutuncin addinai a cikin dokokin, haka nan satar aikin wani, wadda ta yawaita a wannan sana'a inda ake kwashe zane ko rubutun manhajar mutum a canja masa suna. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa abin kiyayewa ne a Shari'a.

Raba gardama da dakatar da mutum kuwa ɗan ƙaramin alƙalanci ne, kuma ladubban alƙali suna hawa kanka gwargwadonsa. Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Ali da kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji na farko, kuma hadisin Abu Bakra ya hana yin hukunci cikin fushi. Kada ka cire aikin da yaro ya kwana uku yana yi saboda ƙarar da aka kawo maka ba ka bincika ba, kada ka sassauta wa Musulmi ko ɗan garinku abin da ka hukunta wani a kansa, domin Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci. Ka fara da nasiha a keɓe kafin gargaɗi, gargaɗi kafin kora, kuma sirrin da ka gani saboda matsayinka amana ne.

Kyautar datar nan ka mayar da ita, da kyakkyawar magana. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mimbari ya ce me ya hana shi ya zauna a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙ. Wanda bai saba yi maka kyauta ba sai ana saura mako a yi gasa, kujerar alƙalin ya yi wa. Idan ƙungiyar ce da kanta ta yanke a fili cewa za ta riƙa biya wa masu kula da tsari kuɗin data, wannan halal ne ka karɓa.

Ka ci gaba da aikin muddin maganarka tana da tasiri kuma bai taɓa sallarka da karatunka da haƙƙin iyayenka ba. Idan ya kai ga ana tilasta maka amincewa da caca ko izgili ga addini kuma an ƙi gyara, sai ka ajiye, bisa Suratun Nisa'i aya ta 140, amma ka sanar da su tun da wuri kuma ka miƙa duk abin da ke hannunka ga wanda zai gaje ka. Allah ne mafi sani.