Fita kallon daji a Ingila: gantali ne?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce abokan karatunka na Sheffield kan ja ka daji ranar Lahadi, ba farauta ba, ba ziyara ba, a yi ta tafiya ana kallon tsaunuka da tumaki, kai kuma kana jin nauyin abin don a gida an hana ku yawon banza.

Abin da aka hana shi ne yaro ya fita ba a san inda ya nufa ba, ba a san yaushe zai dawo ba. Amma magidanci ya zaga gona bayan la'asar, ko mai doki ya fita kilisa, wannan tsohuwar al'ada ce, kuma ido ne ke aiki a cikinta. Manomi ya san gawo na kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, ya san in shamuwa ta sauka ruwa ya kusa. Ku da kuka tashi a birni kun wuce waɗannan ba ku ɗaga kai ba. To, je ka, amma ka tafi da irin wannan idon.

Kada ka fara da nesa. Zaɓi hanya guda kusa da masaukinka, ta minti talatin ko arba'in, ka riƙa binta kowane mako, ka kama bishiya ɗaya ka sa mata ido. Mai canza wuri kullum hoto kawai yake tarawa. A watan Fabrairu za ka ga ƙananan fararen furanni sun huda ƙasa tun sanyi bai tafi ba, a Maris rawaya su biyo, ƙarshen Afrilu kuma ƙarƙashin itatuwa ya koma shuɗi. A Agusta kan tudu ya rine ya yi shunayya. Tambayi sunan kowanne ka rubuta, don abin da ba ka san sunansa ba, ido zamewa yake a kansa. Tsattsewar da ke isowa a Afrilu ma daga Afirka take, Sahara ta ƙetaro.

In ka tashi zuwa nesa, jirgin ƙasa zai kai ka ƙauyen Edale cikin kamar rabin awa, a yankin Peak District, wanda aka keɓe a matsayin wurin shaƙatawa na ƙasa tun 1951. Yawancin filayen nan masu su suna nan, gonakin mutane ne. Doka ta ba ka hanya ce ta ratsa ciki, kamar burtali, ba ta ba ka gonar ba. A alamun kan hanya, kibiya rawaya ta masu ƙafa ce, shuɗiya kuwa har da doki da keke. Ba da sauƙi talakawansu suka samu wannan ba: a 1932 sai da aka ɗaure wasu bayan sun hau tudun Kinder Scout ba izini. Ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta. Wani lokaci manomi ne ya buɗe ta da gangan don dabbobi su kai ga ruwa. Kada ka tuge tsiro, laifi ne ba da izinin mai fili ba. Saniya mai ɗan maraƙi ka zagaye ta, kada ka shiga tsakaninsu. Wanda kuka haɗu a hanya ka gaishe shi, don a ƙauye suna gaisuwa, ba kamar cikin gari ba.

Inda baƙo ke faɗawa matsala shi ne lokaci da sutura. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba a jere suke, saboda haka fita da ƙarfe tara ko goma, ka ɗauki 'yar sallaya, ka yi alwala tun daga gida. A Yuni kuwa haske na kaiwa bayan tara da rabi na dare. Wandon jins da rigar auduga in sun jiƙe ba sa bushewa, su ke jawo sanyi ya shiga jiki, ga iskar kan tudu ta fi ta gari kaifi. Sa riguna marasa nauyi biyu ko uku, ka ɗora ta ruwa a sama, da takalmi mai ƙarfin tafi, don taɓo ne ko'ina. Sauke taswira a waya tun kana gida, sabis na ɗaukewa a kwari, sanyi kuma na cinye batir. Lambar gaggawa 999 ce.

Daga bazara zuwa kaka akwai kaska a cikin doguwar ciyawa, wata na ɗauke da cuta. Tura ƙafar wando cikin safa, in ka dawo ka duba jikinka. Ka same ta, kama ta da hantsaki daidai fata ka ja a hankali, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. In wurin ya yi jan zobe mai faɗaɗa, ga likita.

Kafin ka fita, faɗa wa wani a gidan hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka. Gwaggonka na gaishe ka.